Kwaɗo a Ƙofar Gudun Gobara

Rana ta yi ja a bayan layin dogo na Ƙaura Namoda. Maimunatu tana kwashe tuwo a tsakar gida, 'yarta Nazifa tana miƙo mata kwanuka, maigidan kuma, Halilu, yana alwala a bakin rijiya. Injinsa na matsar man gyaɗa, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan, ya yi tsit, ma'aikata sun watse. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Na biyu ya biyo baya, na uku ya fasa randa. Halilu ya leƙa waje da ruwa a gemunsa, bai ga ko akuya ba. Da ya dawo sai ya tarar Nazifa ta saki kwanon miya, ta tsaya ƙyam tana kallon katangar injin, tana ƙirga yatsunta. In ta kai shida sai ta tsaya, ta koma farko.

Halilu mutum ne mai son tsari, har abin yakan yi masa yawa. Tun da ya ga yadda gobara ta lashe wani injin niƙa a hanyar Shinkafi, hankalinsa bai sake kwanciya ba. Ya je wurin 'yan kwana-kwana ya ɗauki darasi, ya dawo ya jera bokitan yashi, ya rataye guntun ƙarfen dogo a matsayin ƙararrawa. Ya raba wa ma'aikatansa goma sha ɗaya aiki: wannan ya kashe janareto, wancan ya kira agaji a waya, ɗaya ya ƙirga mutane. Ya fasa wa injin sabuwar ƙofa ta baya, mai fita wani tsohon kango inda kowa zai taru. Ya sanar da mai unguwa da maƙwabta cewa in sun ji ƙarfe ranar Alhamis, gwaji ne kawai. Sau uku aka yi. Amma da an gama sai ya ja ƙofar da bisimilla, ya danna mata kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu, don ɓarayin daji sun hana kowa sakewa. A yammacin gwaji na uku ne jifan nan ya fara.

Kwana tara gidan bai ga sauƙi ba. Da magariba ta kawo jiki sai duwatsu su fara sauka, a riƙa jin wata murya tana kiran wani suna da ba a iya kama shi. Nazifa ta daina ci. An kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Idanunta suka faɗa, leɓɓanta suka bushe, ba ta da aiki sai ƙirga. Halilu, mai shirin kowace irin masifa, ya rasa ta inda zai kama wannan, tsoro ya cika shi.

"Malam, ɗiyag ga tahiya takai," in ji Maimunatu. "Ka yi wani abu tun muna ganin ta."

Ya hau babur ya nufi Zurmi, ya ɗauko Malam Sodangi, wani dattijon malami da aka sani da ruƙiyya. Suka iso da la'asar sakaliya. Malamin ya sa aka zaunar da Nazifa a tabarma, ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu a hankali. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe tsakar gidan. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba.

Can sai yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, ta dishe da kuka.

"Bari ƙona ni, Malam. Musulma nike."

"In Musulma kike, mi yak kawo ki jikin ɗiyar mutane?"

"Tambayi ubanta. Mu munka riga shi zama kangon nan. Ya gaya ma mai unguwa, ya gaya ma maƙwabta. Mu wa yag gaya muna? Duk randa anka buga ƙarhen nan anka yi ihun wuta, mu gaskiya muka ɗauka. Sau ukku ina kwasar ɗiyana ina gudu."

Halilu ya dafe kai. Shi da ko ruwan zafi ba ya bari a zubar ba tare da bisimilla ba, bai taɓa tunanin yin sallama a kangon ba.

"An yi kuskure," in ji Malam Sodangi. "Daga yau za a sanar da ku kahin a buga. Hita ki bar ta."

"Ba ni hita. Su suna ƙirga nasu in sun hito, ni ma na ƙirga nawa. Bakwai gare ni, shidda nig gani. Autana ya ruɗe, mutane na hitowa shi ya kutsa ciki. Wanga mutum yaj ja ƙohwa da sunan Allah, yas sa kwaɗo. Ƙohwar gaba ko ayoyi na rataye bisanta, ba shi iya bi. Kwana tara ina jin kukanai ta bango. Bai ci ba, don haka ɗiyatai ma ba ta ci."

Maimunatu ta toshe baki da mayafi. Malamin ya juya ya dubi Halilu.

"Buɗe mata."

Halilu ya miƙe, amma muryar ta tsayar da shi.

"Ba buɗewa kaɗai ba. Kwaɗon nan ba shi komawa muddin da mai rai ciki."

"Baiwar Allah, kin san halin da garin ga ke ciki," in ji Halilu. "In ɓarayi sunka biyo ta kango hwa?"

"Sa mai gadi. Ko ka zaɓi kwaɗonka, in zamna inda nike."

Ya dubi 'yarsa, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Ya ce ya yarda, Malam Sodangi shaida ne.

Ya zagaya zuwa kangon shi kaɗai, ana gab da kiran salla. Ya yi sallama da ƙarfi, kunya da tsoro suna cin sa. Sai a karo na uku makullin ya shiga. Da ƙofar ta buɗe, warin tunkuza ya bugo shi, sannan wata 'yar iska mai sanyi ta goge shi daidai gwiwa, ta wuce da sauri.

Daga cikin gida ya jiyo ƙirga. Ɗaya, biyu, har shida. Sai muryar ta ce "bakwai", ta fashe da kuka.

Ya dawo da gudu, kwaɗon na hannunsa. Nazifa ta jingina da ƙirjin uwarta, amma idanun da suka kafe shi ba nata ba ne tukuna.

"Na tahi, Malam, ba ni dawowa," in ji muryar. "Kai ko Halilu, autana ya yi kwana tara bayan kwaɗon nan bai mutu ba, don ba jiki ɗaya gare mu da ku ba. Randa wutar gaskiya tat tashi kana kasuwa da makulli cikin aljihu, mutanenka goma sha ɗaya numfashi nawa za su yi?"

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nika ji."

Maimunatu ta ruga madafa tana kuka. Halilu ya daɗe a tsaye yana kallon abin da ke hannunsa, sannan ya taka zuwa bakin rijiya ya sake shi ciki.