Reshen Ɓaure a Kan Bukkar Sasi

Gazala na durƙushe a tsakar gida tana ɓare rumman, sai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ta san mai zuwan. Jibi ne Kippur, ranar babban azumi, kuma ko yaro a Hara Kabira, unguwar Yahudawa, ya san azumi ba ya wanke laifin da mutum ya yi wa ɗan'uwansa, sai wanda aka ɓata wa ya yafe da bakinsa.

"Ke, shige ɗaki!" in ji mahaifinta, Sasi maƙerin azurfa.

Ta shige, amma ta manna kunne a ƙyaure.

Rahamim ne, ɗan maƙwabciyarsu Inna Zuhra, da abokansa uku a bayansa a matsayin shaidu, kamar yadda dokar addini ta tsara. Wannan ne zuwansa na uku.

"Baba, na yi maka laifi. Ka yafe mini."

"Wane ni da zama babanka, Malam? Ni jahili ne mai bukkar banza. Ga hanya nan!"

Abin ya samo asali ne tun bara, a daren farko na Idin Bukkoki, lokacin da kowane gida ke kafa bukka a riƙa cin abinci a cikinta. Sasi ya kafa bukkarsa inda ya saba, ya rufe ta da ganyen dabino, ya tara baƙi, har ana shirin sa ranar auren Gazala da Rahamim. Ana tsakiyar cin kuskus da kifi, Rahamim, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ya ɗaga kai ya ce da ƙarfi, "Baba, ai bukkar nan ba ta halatta ba! Tana ƙarƙashin bishiya!" Gaskiya ya faɗa. Ɓauren gidan su Rahamim ya yi girma, reshensa ya ƙetaro katanga, alhali doka ba ta yarda wani abu ya shiga tsakanin bukka da sama ba. Baƙi suka tashi ɗaya bayan ɗaya da faranti a hannu, suka koma bukkar wani. Tun daga ranar Sasi ya rantse 'yarsa ba za ta shiga gidan da aka kunyata shi ba. Inna Zuhra kuwa ta ce marigayi mijinta ne ya dasa ɓauren, mai son sare shi sai dai ya fara da wuyanta.

Da yamma Gazala ta hau soro kwashe shanya. Rahamim na tsaye a nasu soron, ransa a ɓace.

"Kin dai ji da kunnenki. Na cika uku, doka ta sauke mini nauyi. Yanzu alhakin a kansa yake. Gobe zan je wurin Rabbi, babban malaminmu, ya kira shi ya faɗa masa haka, dole ya sauko!"

"Au! Bara ka kunyata shi a gaban baƙi, bana kuma a gaban Rabbi?"

"To ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Amma da ka ja shi gefe ka raɗa masa, bakinka ne zai yi ciwo?" Hawaye suka zubo mata. "Na ƙi ɗan gidan mai kanti, na ƙi wanda ya zo daga Tunis da mota, na sha faɗa saboda kai. Zan jira ka ko nawa ne. Amma wallahi in ka sake sa ubana ya sunkuyar da kai a garin nan, ka manta da ni."

"Gazala—"

"Da babanka ya rasu, wa ya ɗora ka a cinya ya koya maka baƙaƙe? Wa ya riƙa jan hannunka zuwa majami'a?"

Rahamim ya dubi ƙasa. Can ya ce a hankali, "Malamina ne kenan. Shi kuwa malami ba a ƙirga masa zuwa. Ko sau dubu ne, komawa ake yi." Ya shafa fuska. "Na karanta wannan, na wuce ta kansa."

A ƙasa kuma mahaifiyar Gazala, Turkiya, ta sa mijinta a gaba.

"Maigida, da wannan ƙullin a zuciya za ka tsaya gaban Allah kana roƙon gafara?"

"Ki bar ni, Turkiya. Yaron nan ba gafara yake nema ba, shaidu yake tarawa. Ba ki ga yadda yake waiwayar abokansa ba?"

Washegari, jajiberen azumi, aka ci abincin ƙarshe tun rana ba ta faɗi ba. Kowa ya sa farare. Sasi ya yafa mayafin addu'arsa, ya kira Gazala don ya sa mata albarka, kamar yadda kowane uba ke yi kafin a tafi majami'a. Yana ɗora hannu a kanta, aka turo ƙofa.

Rahamim ne shi kaɗai. Ya zube a ƙasa.

"Ina shaidun naka?" in ji Sasi. "Ai ka gama ukunka."

"Ban zo da lissafi ba, Baba. Kai ka sa mini karatu a baki, na ɗauke shi na mare ka da shi. Ba maganar aure ta kawo ni ba, in ka hana ni ita ba zan kai ƙara ko'ina ba. In ka kore ni, baɗi ma ina nan tafe." "Yau kowa ubansa ya dafa masa kai. Ni tun ina ƙarami hannunka na sani."

Turkiya ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ɗan banza mai dogon baki," in ji Sasi, hawaye na bin gemunsa. "Matso nan, rana na faɗuwa!"

Ya buɗe mayafin ya lulluɓe shi, ya karanta masa albarkar, sannan ya ce, "Na yafe. Ni ma ka yafe mini, na riƙe ka a rai fiye da kima."

Washegarin azumi da safe, ana ta buga katakon bukkoki a unguwa don idin ya ƙarato, sai ga Inna Zuhra a ƙofa da zarto a hannu. Ta miƙa wa Sasi.

"Wanda ya dasa shi abokinka ne, kai za ka yanke. Amma reshe ɗaya na ce! In ka taɓa na biyu, sai mun je gaban Rabbi!"

"Haba Zuhra, da kin kawo shi bara ai da yanzu kina goyon jika."

"Da kai ma ka matsar da bukkarka taku biyu, da ba mu sha wannan wahalar ba!"

Aka tuntsire da dariya. Sasi ya riƙe tsani, Rahamim ya hau. A cikin wannan bukkar aka sa rana, bayan idi aka ɗaura aure, kuma Turkiya ta rantse ba ta taɓa ganin amaryar da ta kasa ɓoye murmushinta kamar Gazala ba.

Ku masu tasowa, in kun san gaskiya ku iya faɗarta, domin daidai a littafi ba ya hana ta zama wuƙa a zuciyar dattijo. Ita kuma yarinyar da ta riƙe masoyinta ba tare da ta saki mutuncin iyayenta ba, haƙurinta ba ya tafiya a banza. Gazala ta samu mijinta, ubanta kuma shi ya kai ta da hannunsa.