Katin Hajiya

Umma tana shanya a bayan gida ta ji an turo ƙofa. Tana leƙowa sai ga Auta, 'yarta da aka kai ɗaki wata takwas da suka wuce, ido ya kumbura, hannu babu ko jaka.

"Innalillahi! Ke da wa?"

"Hajiya ce ta ce in zo gida tukuna." Sai kuka. "Umma, Yaya Nas, yayar mijina, ta ga katunana!"

Umma ta san katunan. Saura kwana tara Auta ta zauna jarrabawar shiga digiri na biyu a fannin kasuwanci, wadda sai mutum ya haddace manyan kalmomin Turanci wajen dubu. Mijinta, Tela, shi yake yanka mata kwali a shago, ita kuma ta rubuta kalma a gaba, ma'ana a baya.

"To kati zagi ne?"

"Malamin lesin ne ya ce kowace kalma mu liƙa mata fuskar wanda muka sani, ba za mu manta ba. Ni kuwa mutanen gidan nake gani kullum..."

Karatun Umma bai wuce firamare ba, amma wannan kam ba sai an fassara mata ba. Ta bar wankin a bokiti ta ja mayafi.

"Wuce mu je. Kuma kada in ji bakinki."

A falo suka tarar da Hajiya, surukar Auta, a kan kujera tana jan carbi, fuska ba annuri. Tela yana tsugune gefenta, tef ɗin awo rataye a wuya. Yaya Nas, yayarsa, ko yunifom ɗin asibiti ba ta cire ba, katunan na hannunta.

"Gara da kika zo, Umma. Ji tarbiyya!" Yaya Nas ta ɗaga kati. "Parsimonious, marowaci, Kawu. Garrulous, mai surutun tsiya..." Ta buga ƙirji. "Yaya Nas! Ni! Muna ba ta abinci tana auna mu da Turanci!"

Umma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. "Ku yi haƙuri, yarinta ce..."

"Yaya, ni na yanka katunan nan," in ji Tela, kansa a ƙasa. "Duba, akwai nawa. Mai taurin kai. Ni na ba kaina."

"Ai ta gama da kai! Yau za ka zaɓa mata: ko jarrabawa ko gidan nan."

"Ba zan zaɓa ba. Ta yi kuskure, za ta ba da haƙuri. Amma wata shida tana wahala a kan idona."

Hajiya ta ajiye carbin.

"Ni fa? Wace aka ba ni?"

Auta ta sunkuyar da kai. Umma ta damƙe bakin mayafinta. Wannan katin shi ne auren, ta sani.

"Nemo shi," Hajiya ta ce da 'yarta. "Ki karanta yadda yake, ba ragi."

Yaya Nas ta yi ta zare kati tana jefarwa a cinya, har ta tsaya a kan wani da gefensa ya yi laushi don yawan taɓawa.

"Karanta mana, sarkin magana!" in ji Hajiya.

"Magnanimous," Yaya Nas ta ce can ƙasa. "Mai yafewa alhali tana da ikon ramawa. Hajiya, ranar da na ƙona mata leshi da dutsen guga ta ce dama ya tsufa."

Hajiya ta daɗe tana kallon Auta. "Sabo ne fil, ja'ira. Sau ɗaya na sa."

Auta ta rarrafa ta kama ƙafarta, sannan ta juya wurin Yaya Nas. "Yaya, ki yafe mini. Ban yi don raini ba, amma na san ya yi zafi."

"Tashi," in ji Hajiya. "Duk katin da ke da sunan mutum da aibu, a yaga a sake. Ke kuma Nas, tunda bakinki ba ya gajiya, ke za ki riƙa yi mata tambayoyin har ranar."

Haka aka yi. Kwana tara Yaya Nas tana jefa mata kalma tana harara, Tela yana yanko sabon kwali. Da sakamako ya fito Auta ta ci, Yaya Nas ce ta fara rangaɗa guɗa.

Abin da mutum ya rubuta game da wani a ɓoye, ya ɗauka wata rana a gabansa za a karanta. Auta ta tsira ne don ba aibu kaɗai ta adana ba, har alherin da aka yi mata, ta kuma dace da miji mai haƙurin tsayawa.

Ranar murna Umma ta ja ta gefe. "Ni kuwa akwai nawa?"

Auta ta yi dariya. "Apprehensive. Mai fargaba kullum."

"Allah ya shirye ki," in ji Umma. Ta waiga ta rage murya. "Kin dai tabbata kin yaga na Kawu?"