Na Tara a Jerin Makiyaya

A wani taron koyon kwamfuta a Tessaoua suka fara haɗuwa. Zara'u, malamar lise, wato sakandare, tana bayani, Cha'ibu kuwa ya ƙura mata ido har ya manta tambayar da ya ɗaga hannu dominta. Kafin wata uku babur ɗinsa ya haddace hanyar gidan su Zara'u a Korgom.

Cha'ibu ya rubuta wa ƙungiyar makiyayan Korgom manhajar da ke tura saƙo ranar da likitan dabbobi zai zo yin rigakafi. Mutum arba'in ne a jerin. Ranar farko takwas kaɗai suka samu, kuma cikin rashin sa'a Maman Sani, mahaifin Zara'u, shi ne na tara. Likita ya zo ya tafi, shanunsa suna daji.

Attahiru, wanda ya daɗe yana son Zara'u ba ta kula shi, bai yi sanya ba wajen zuga tsoho. Maman Sani ya kira ɗiyarsa.

"Wanda ya raina ni tun bai samu ba, mi zai yi in ya samu? Ki ce mishi ya daina zowa."

Zara'u ta yi kukanta ta more. Da la'asar saƙon Cha'ibu ya shigo: "Hasken idona, wallahi sunan Baba na ciki. Kaina ya ɗaure."

Ta amsa: "Turo mini aikin, Cha'ibuna. Kai ka je ka ci abinci."

Ba ta yi minti ashirin tana dubawa ba ta kira shi, tana dariya da sauran hawaye.

"Chéri, kowane makiyayi lamba guda ka ba shi, octet guda, wato gurbi guda na ajiya, ka jera su cikin tableau, wato jeri. Da ka miƙa shi ga fonction, ɓangaren da ke tura saƙo, sai ya koma pointeur, ɗan nuna hanya. Shi kuwa bakin gida kaɗai ya sani, bai san ɗaki nawa ke ciki ba. Da ka tambayi tsawo, nashi ya faɗa maka, octet takwas, shi ya sa mutum takwas kaɗai suka samu saƙo. In za ka aika jeri, ka haɗa shi da adadinshi."

Cha'ibu ya ce, "Ashe malamata nike nema."

Da wani ne, da ya gyara a ɓoye ya ɗora wa rezon waya laifi. Shi kuwa ranar kasuwa ya zo da likitan a bayan babur, aka yi wa shanun da suka rage allura. Sannan ya durƙusa gaban Maman Sani, dattawa suna kallo.

"Baba, kuskurena ne, ba raini ba. Kwana biyu na kasa gano shi. Ɗiyarka ta gano, ita ta gyara."

Tsoho ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka yi masa dariya lokacin da ya tura ɗiya mace karatu Maraɗi.

"Kun dai ji da kunnenku? Zara'una!" Ya gyara rawani. "Tashi, yaro. Turo magabatanka."

Zara'u tana bayan dangar gida tana saurare, daɗi kamar ya kashe ta.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Maman Sani ya kama hannunta ya sa a na Cha'ibu, ya ce:

"Ka faɗi darajarta gaban mutane, ka riƙe ta haka cikin gida. Allah ya yi muku albarka."