Katin Hoto Mai Ƙaurin Tsire

Kafin azahar ɗin Talata, duk unguwar New Bell ta gama yanke hukunci: Ɓoɓɓo mai gyara ne ya sace sabon katin hoto, na'urar da ke tafiyar da hotunan wasa, daga kwamfutar gidan wasan Awalu, ya cusa tsoho a gurbinsa. Wa ya gani? Babu. Wa ya faɗa? Kowa.

Hajiya Zinariya, wadda ta shekara talatin tana koyar da lissafi a unguwar Deïdo, ba ta taɓa karɓar "kowa" a matsayin shaida ba. Ta iske matasa sun cika ƙofar shagon, ɗaya da tsohuwar taya, wani da kwalbar fetur. Ta taɓa ganin ƙarshen irin wannan taro, har yau ba ta bin layin da aka yi shi. Ta buga wa 'yan sanda waya, ta kutsa ciki.

Ɓoɓɓo na tsugune bayan kantar shagon, leɓensa a fashe. Munzali, surukin Awalu kuma abokin kasuwancinsa, yana tsaye kansa.

"Awalu, kulle ƙofar. Yaushe ka gane?"

"Ɗazu, Hajiya. Na kunna sabon wasan yaƙi don baƙi su gani, sai hoto ya kama tsalle. Na buɗe, na ga wannan gyauron."

"Me ya kai ka ga Ɓoɓɓo?"

"Shi ya buɗe ta ranar Juma'a, ya share ƙura."

"Ƙura kaɗai na ɗauka, Hajja, wallahi," in ji Ɓoɓɓo.

Dutse ya daki ƙyauren. Hajiya ta ja kujera.

"Ku kunna min abin da aka saba bugawa a kwamfutar."

Aka kunna tsohon wasan ƙwallo. Ya tafi sumul. Aka sa na yaƙin: fankar katin ta kama kuka, sojoji suna daskarewa a tsakiyar gudu, sai da aka rage kyan hoton har ƙasa sannan ya rarrafa.

"Tsohon nan irina ne," ta ce. "Yana tafiya a fili, ba ya hawan bene. Ke nan zai iya kwana uku a ciki ba a sani ba, muddin ba a kai shi bene ba. Wa ya buga na yaƙin daga ƙarshe?"

Awalu ya ce, "Mardiya, 'yar jami'ar nan ta Bonamoussadi. Asabar da yamma."

Aka kira ta. Ta turo bidiyon da ta ɗauka, da kwanan wata a jiki: wuta da hayaƙi suna gudana kamar ruwa.

"Asabar na bayan Juma'a, ko an canza? Ka sake zuwa, Ɓoɓɓo?"

"Ina Cité des Palmiers tun ranar, Hajja. Yau aka janyo ni."

"Kai kuma, Awalu, ɓarawo ba ya tara baƙi ya kunna wasan da zai tona shi. Lahadi da Litinin wa ya tsare shago?"

"Ni ne," in ji Munzali.

"Ba wanda ya nemi na yaƙin?"

"Sun nema, na ce yana da matsala."

"Matsala? Ba ka gaya min ba," in ji Awalu.

A waje aka fara jijjiga ƙyauren. Warin fetur ya shigo ta ƙarƙashi. Hajiya ta ce a ciro katin. Ta shafi fankar, yatsanta ya fito da baƙin maiƙo. Ta shinshina, ta miƙa wa Awalu.

"Kitse da yaji," ya ce a hankali.

"Ɗakin wa ke bayan tukubar mai tsire?"

Awalu ya juya ya dubi surukinsa. Munzali ya zame ya zauna a ƙasa. "Hajiya, ki rufa min asiri. Ƙone ni za su yi."

"Haka za su yi wa Ɓoɓɓo, kana tsaye."

Ba ta bari an buɗe ba sai da motar 'yan sanda ta tsaya ta baya, aka fita da Munzali, bayan ya faɗi yadda ya yi. Sannan ta kama hannun Ɓoɓɓo, ta fito da shi gaban taron. Mai tayar tsohon ɗalibinta ne. Ta kira sunansa, ya sauke ta.

"Ranar Lahadi aka canza katin," ta ce. "Munzali ne ya canza shi da na ɗakinsa. Sabon yana cikin kwamfutarsa. Ɓoɓɓo ƙura ya share."