Jar Fitilar Ɗakin Kaya

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su taɓe baki. Ban hana su ba. Amma ƙanena Kyaftin Isiyaku bai bar tuƙin jirgin sama don an kore shi ba, kamar yadda ake raɗawa a gidajen biki a Ƙofar Marusa. Ya bari ne saboda wata murya da ta yi masa magana daga inda ɗan Adam ba ya zama.

Wani yammacin damina ne, ya taso da jirgi cike da fasinjoji daga Abuja zuwa Katsina. Jirgin yana da wani lahani da duk matuƙan kamfanin suka sani: na'urar da ke gano wuta a ɗakin kaya, can ƙarƙashin kujerun fasinjoji, takan yi kuka babu dalili. Injiniyoyi sun cire ta sun sa sabuwa, sabuwar ma ta ɗora daga inda waccan ta tsaya. Kuma kukan ba ya tashi sai an doshi Katsina, rana na faɗuwa.

Sun fara sauka ke nan, gonakin Batagarawa na shimfiɗe a ƙasa kore shar, sai ƙararrawa ta ɗauka. Jar fitila ta kama.

Abbas, mataimakinsa, ya yi tsaki. "Ga mutuniyar ta fara, Kyaftin. Ko sallar magariba take kira mana?"

Isiyaku bai yi dariya ba. A aikinsu, ba a ce wa gargaɗin wuta ƙarya sai ƙafa ta taka ƙasa. Ka'ida ita ce a saki iskar kashe gobara cikin ɗakin kayan, iskar da ke shaƙe wuta da duk abin da ke numfashi, sannan a sauka da gaggawa. Sauran matuƙa sukan ɗan jira, fitilar ta mutu da kanta. Yau ba ta mutu ba.

"Sanar da hasumiyar filin jirgi," in ji shi. "Su tanadi 'yan kwana-kwana."

Ya ɗaga murfin maɓallin sakin iskar. A nan ne wani ƙamshi ya shigo. Ba ƙaurin waya ba ne, ba na roba ba. Ƙamshin hayaƙin itacen tsamiya ne, haɗe da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na tsakar gidan ƙauye bayan ruwa.

Wayar cikin jirgi ta yi ƙara. Ya ɗauka, yana zaton Sadiya ce, shugabar masu kula da fasinjoji.

Numfashi ya fara ji. Sannan murya, ta tsohuwa, a hankali, da irin Katsinancin da rabonsa da ji tun rasuwar kakarmu.

"Malam mai tuƙi. Kak ka zuba."

Yatsansa ya tsaya a kan maɓallin.

"Wace ce?"

"Rage mana hanya kake yi, kullum ma haka muke bi. Muna da ɗiya ƙanana nan ƙasa."

Babu waya a ɗakin kaya. Babu kujera, babu haske, babu ƙofar da ke buɗuwa daga ciki. Isiyaku ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Ya dubi Abbas. Abbas na magana da hasumiya, bai ji komai ba.

Sai wata murya ta shigo layin. Wannan karon Sadiya ce.

"Kyaftin, wa ke magana? Kyaftin, ƙasan nan ta yi zafi. Wata mata ta cire takalmi ta ɗage ƙafa."

Zafi. To, ko dai halittun da aka yi daga wuta ne na'urar ke jin ɗuminsu, ko kuwa jakar wani ce ke ci a ƙarƙashin mutum fiye da ɗari. Ba shi da hanyar leƙawa ya gani. Idan gobara ce, ba za ta jira su kai titin sauka ba.

Abin da ya zo masa shi ne abin da kowane ɗan gidanmu ya tashi yana ji. Ba a watsa ruwan zafi a tsakar gida da magariba sai an yi bisimilla, an faɗa wa waɗanda ba a gani su kauce.

"Bismillahi," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Baba, ku kauce. Ina da amanar rayuka. Zan zuba."

"Dakata mu kwashe su."

Ya dakata. Ƙararrawa na kuka. Fitilun Katsina sun fara bayyana ɗaya bayan ɗaya. A cikin wayar yana jin motsi, kamar ana jan tabarmi, da ƙananan ƙafafu suna gudu a kan ƙarfe.

"Kyaftin!" Abbas ya juyo, zufa na zuba masa. "Me kake jira? Danna mana!"

"Baba, kun gama?"

"Saura ɗaya. Ta ɓoye cikin kaya. Dakata."

"Kyaftin," in ji Sadiya, tana kuka yanzu, "kafet ya fara laushi."

Ya rufe ido. Ya danna.

Wani huci ya bi ta ƙarƙashin jirgin. Bayansa, a cikin wayar, wani ɗan siririn tari. Sau ɗaya. Sannan shiru.

Jar fitilar ta mutu.

"Alhamdulillahi," in ji Abbas.

Sai wata ta kama. Ta banɗakin baya.

Ta mutu. Ta tsakiyar jirgi ta kama.

Ta mutu. Ta kicin ɗin gaba ta kama, wanda ke bayan ƙofarsu.

Wani abu yana tahowa.

Ba a ƙwanƙwasa ba. Ƙofar ba ta buɗe ba. Amma zafi ya sauka a ƙeyarsa, kamar an kusanto masa da kaskon garwashi. Gashin wuyansa ya fara ƙauri. Abbas ya kama salati.

Muryar ba ta cikin waya yanzu. Tana daidai kunnensa.

"Mi ka yi?"

Bai waiwaya ba. Ya ƙura wa fitilun titin ido, hannayensa na riƙe da sitiyarin da ya yi zafi kamar murfin tukunya. Leɓɓansa na karanta Ayatul Kursiyyu, yana tuntuɓe a kan kalmomin da ya haddace tun yana yaro.

"Waɗannan mutanen ba su yi mani komi ba," in ji ta. "Aje su."

Tayoyi suka daki ƙasa da ƙarfi. Jirgin ya yi tangaɗi, ya miƙe, ya tsaya.

'Yan kwana-kwana suka buɗe ɗakin kaya. Sanyi ƙalau. Ko zare bai ƙone ba. Masu bincike suka ce na'ura ce ta yi ƙarya, suka yaba masa da ya bi ka'ida. Na'urar kuwa ba ta sake kuka ba.

Isiyaku ya koma gida yana rawar sanyi, kuma har yau bai daina ba. Malamai sun yi ruƙiyya, likitoci sun auna jini, ba su ga komai ba. Da tsakiyar bazara za ka same shi a zaure cikin bargo. Idan ya shiga kicin, wutar girki mutuwa take yi. Ashana ba ta kamawa a hannunsa. Matarsa Hajiya Lailatu takan roƙe shi ya fita waje kafin ta ɗora tukunya. Ya ce mutumin da wuta ke gudu bai kamata a ba shi amanar inji ba, ya ajiye aiki da kansa. Abin da ke hana shi sukuni ba sanyin ba ne. Yakan tambaye ni ko da ya ƙara jira kaɗan, da an samo yarinyar.

Wanda ke shakka ya je GRA, bayan masallacin Juma'a, ya tambayi gidan Hajiya Sadiya Almu. Ita ma ta bar aikin. Wayar na kunnenta lokacin da aka yi tarin nan.