Minti Ashirin da Bakwai

Ranar wata Litinin da hantsi, a shekarar 2009, aka kawo ƙara caji ofis cewa an sace faifan sidi guda ɗaya tak a shagon Alhaji Nagoda da ke Tudun Wada. Sajen da ke kan kanta sai da ya danne dariya. Sufeto Kailani kuwa hularsa ya ɗauka. Mutum ne da ba ya raina ƙara, har abokan aikinsa kan tsokane shi cewa ko akuya ce ta ɓata sai ya tambayi abin da ta ci da safe.

Faifan ba na wasa ba ne. Karatun ƙarshe na marigayi Malam Modibbo ne a ciki, kuma babu kwafinsa ko'ina. Babbar 'yarsa, Hajiya Larai, ita ta kawo shi ranar Asabar don a buga guda ɗari biyu, a raba sadaka ranar Juma'a wajen addu'ar arba'in.

Sufeto ya tarar da ita a shagon a kan benci, idanunta sun yi ja.

"Yallaɓai, Inna tana takaba, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ta ji muryar Malam. Me zan koma in ce mata?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Su wa ke da makullin shagon nan?"

"Ni da shi," in ji Alhaji Nagoda, yana nuna Salmanu, magidancin da ke buga masa faifai shekara shida. "Nawa kuma bai taɓa barin aljihuna ba. Ka tafi da shi kawai, zai yi bayani a bayan kanta."

"Malam Salmanu, yaushe ka ga faifan na ƙarshe?"

"Asabar da la'asar, yallaɓai. A durowa na ajiye shi. Ko a injin buga faifai ban sa shi ba, don na ga maiƙo a jikinsa, na bari sai yau in goge shi a tsanake."

"Maiƙon me?"

Hajiya Larai ta sunkuyar da kai. "Almiskin Malam ne. A cikin kayansa muke ajiye faifan, ni na riƙa shafa masa turaren saboda girmamawa. Ban san yana da illa ba."

Can gefe wani mai sayayya ya yi tsaki, ya ce tun ɗazu yake jiran faifai ɗaya ƙwal, ko dahuwar wake ce ai da an sauke. Kowa ya share shi, ban da Sufeto.

"Minti nawa injin nan ke ɗauka?"

"Huɗu, yallaɓai, har ranar Asabar," in ji Salmanu. "Yau na kunna na tarar ya koma tafiyar hawainiya."

Sufeto ya sa aka zura sabon faifai, ya cire agogonsa ya ɗora a kan tebur, ya zauna. Alhaji Nagoda ya yi ta safa da marwa yana guna-guni, wai an kira hukuma ta zo kallon kwamfuta. Sufeto ya zuba wa agogon ido har faifan ya fito. Minti ashirin da bakwai.

"Injin da ya kwana lafiya ranar Asabar, ya tashi da ciwo ranar Litinin, wani abu ya same shi ranar Lahadi," in ji shi. "Wa ya fi kowa iya gyara a unguwar nan?"

Amsa ɗaya aka ba shi: Malama Ishatu. Ta zo da 'yar jakarta, ta gaisa da kowa a taƙaice, ta ja kujera. Kallon aikinta kawai abin sha'awa ne, domin ba ta gaggawa kuma ba ta cika baki. Ta gwada faifan wani kamfani, ta buɗe bayan kwamfutar ta taɓa wayoyi, ta duba ko ƙwayar cuta ce ta shiga. Duk lafiya lau. Sannan ta buɗe wani shafi, ta yi murmushi.

"Ga ciwon nan, yallaɓai. Hanya biyu kwamfuta ke aika wa injin nan bayanai. Ɗaya ana ce mata DMA, kamar ka sa tiyo a randa ne, ruwa na zuba kai tsaye. Ɗayar PIO, ita kuma da moɗa ake ɗiba, ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ke dakon kowace moɗa da kanta. Wannan ta koma ɗiban moɗa."

"Da kanta ta koma?"

"Da kanta, amma da dalili. In aka sa mata faifan da ba ya karantuwa, aka yi ta matsa mata har ta kasa sau shida, sai ta daina amincewa da hanyar sauri. Ko an kashe an kunna ba ta dawowa."

"Tana tuna lokacin da aka matsa mata?"

"Har da minti." Ta nuna wasu jajayen layuka. "Jiya Lahadi, sha ɗaya da kwata na safe."

Sufeto ya danna maɓalli, tiren da ake ɗora faifai ya fito. Ya sunkuya ya shinshina, sannan ya yafito Hajiya Larai. Tana kai hancinta hawaye suka zubo mata. Almiskin mahaifinta ne.

"Jiya war haka ina Dutsen Abba wajen sunan ɗan ƙanwata," in ji Salmanu. "Ni na riƙe ragon ma, mutum hamsin za su shaida."

Sufeto ya juya a hankali. "Alhaji, mu sake komawa kan makullin nan da bai taɓa barin aljihunka ba."

Alhaji Nagoda ya gyara hula, ya sake gyarawa. "To, gaskiya na ba Suhaibu na ɗan lokaci. Ƙanen maiɗakina ne, janareto ya zo ara. Ban so a sa sunan surukai a maganar 'yan sanda ba."

"Amma ka so a sa sunan wanda ya yi maka shekara shida."

Alhaji ya kwatanta masa inda za a sami Suhaibu.

Suhaibu yana da shagon faifan wa'azi a Kwangila. Bayan azahar Sufeto da Malama Ishatu suka sauka daga keke mai ƙafa uku a ƙofarsa. Ya tarbe su da fara'a mai yawa, irin wadda kan sa ɗan sanda ya ƙara buɗe ido.

"Janareto kawai na ɗauka, yallaɓai. Ko kallon kwamfutar ban yi ba."

"Faifan Malam Modibbo fa?"

"Ban ma san an ɗauki karatunsa ba."

"Madalla. To, taimaka ka buga mini kwafin wannan kafin mu wuce." Sufeto ya miƙa masa wani faifai da ya taho da shi.

Suhaibu ya so ya kawo uzuri, ya ga babu hanya. Ya zura faifan. Sufeto ya cire agogo ya ɗora a kan tebur. Minti biyar ya wuce, goma ya wuce, gumi ya fara tsattsafo wa Suhaibu duk da fankar da ke kansa.

"Dama haka injinka yake?"

"Tun jiya ya lalace, yallaɓai. Wutar nan ce da ba ta tsayawa."

"Malama, duba mana wutar nan."

Malama Ishatu ta buɗe shafin nan dai. "Shi ma ya koma ɗiban moɗa. Faifai ya ƙi karantuwa sau shida, jiya, ƙarfe ɗaya saura."

Sufeto ya fito da tiren, ƙanshin almiski ya bugi hancinsa. "Kwamfuta biyu, ciwo ɗaya, rana ɗaya, turare ɗaya. Can ka gwada ya ƙi, ka ɗauka injin Alhaji ne ya tsufa, ka taho da shi nan. Ina faifan?"

Suhaibu ya zube a kan kujera. Ya ce a wajen yayarsa ya ji labarin faifan. Malam ya hana a sayar da karatunsa yana raye, shi kuma ya san duk wanda ya riga fitar da wannan, kasuwa tasa ce. Niyyarsa ya kwafa ya mayar kafin Litinin, da ya ƙi sai tsoro ya kama shi. Ya miƙa hannu bayan kanta ya ciro faifan a cikin wata tsohuwar jarida. Sufeto ya kira ofis aka turo wani kofur da mota, ya sa shi gaba, maƙwabta suna kallo.

Da la'asar suka koma Tudun Wada. Malama Ishatu ta goge faifan da lallausan ƙyalle, daga tsakiya zuwa baki. Ta share hanyar injin daga jerin kayan kwamfutar, ta kashe ta kunna, kwamfutar ta sake gano injinta kamar sabo. Alhaji Nagoda ya matsa kusa da Salmanu, a gaban kowa ya nemi gafararsa, kuma a yadda aka san Alhaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Salmanu ne ya zura faifan da hannunsa. Sufeto ya sake ajiye agogo. Minti huɗu cif, kwafin farko ya fito da ɗuminsa.

Aka sa shi a rediyo. Muryar Malam Modibbo ta cika shagon, yana gyaran murya kafin bisimilla, kamar yadda ya saba. Hajiya Larai ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta, babu wanda ya hana ta. Da ta natsu sai ta karɓi faifan da hannu biyu.

"Sauran ku buga a hankali," in ji ta. "Wannan na Inna ne, yanzu zan kai mata."