Damisa Marar Ido

"Kowa ya kwanta! Iya, ke ma ƙasa!"

Tsakar rana ce a Osaka, zafi kamar a bakin murhu. Oga Todoroki na riƙe da bindiga, Genzo na fasa gilashin da aka jera agoguna a wani kanti da guduma. Tau! Tau! Tsohuwa mai kantin, Iya Fujie, ba ta kwanta ba. Ta cafke rigar Genzo ta baya da hannu biyu.

"Na mijina ne wannan! Bar shi!"

"Sake ni, Iya!"

Ya fizge. Rigar ta yage har ƙugu. Tsohuwar ta faɗi, kanta ya bugi bakin teburi, amma idonta na kan bayansa.

Daga wuya zuwa ƙugu zanen damisa ne kwance cikin gora, aikin allura da tawada na shekaru. Komai ya cika, har farata. Ido ne kawai babu, fata ce fara guda biyu. A wannan sana'a ido ake sawa ƙarshe, kuma ranar da Genzo ya je ƙarashe, Malam Kurata mai zanen ya ajiye allurarsa. "Na ji da wa kake yawo," ya ce. "Ka dawo ranar da ba ka da abin ɓoye wa damisar nan."

A mota Todoroki ya juyo. "Ta gani?"

"Oga, ba na jin..."

"Kai dalla rufe mini baki! Damisa makauniya nawa ce a garin nan? Gara ma ka bar musu hotonka, shege!"

Jiniya ta taso daga bayan gada. Wiii! Wiii! Direba ya karya kwana, ya shige lungun kasuwar kifi.

"Sauka ka janye kwandunan can, mu wuce!" in ji Todoroki.

Genzo ya dira. Bai kai ga kwando na biyu ba ya ji ƙofa ta rufe, gam! Motar ta ja da baya, ta ɓace. Ya tsaya cikin masu saye da sayarwa, baya a buɗe, mata na janye 'ya'yansu. Bai gudu ba. Hannuwansa kawai yake ta miƙawa baya, yana neman rufe abin da ba ya rufuwa. A nan 'yan sanda suka same shi.

Bayan kwana uku aka kama sauran a tashar jirgin ruwa. Iya Fujie ta farfaɗo, sai dai hannunta na dama ya mutu. Duk Genzo ya ji wannan a ofishin 'yan sanda bai ɗago ba, har sai da sufeto ya buɗe ƙofa ya ce, "Shigo, Malam. Aikinka ne?"

Ƙwas, ƙwas, sandar tsoho. Genzo ya san takun. Ya kifa goshi a teburi.

"Yallaɓai, na amsa komai. Don Allah a fitar da shi."

Yatsu masu sanyi suka bi ƙashin bayansa a hankali, kamar da, suka tsaya a kan fararen wuraren nan biyu.

"Hannuna ne," in ji Malam Kurata.

"Malam, ni..."

"Kullum ina tunanin ko na zalunce ka." Tsohon ya ɗauko yagaggiyar rigar, ya lulluɓe damisar da ita. "Ashe damisar na tausaya wa. Gara da ba ta gani ba."